Simon Bolibar Da Taron Fanama Na 1826

Ƙasashe shida ne suke ɗaukar Simon Bolibar a matsayin uban 'yancinsu, watau Benezuwela da Kolombiya da Ekwado da Peru da Bolibiya da Fanama. Yawancin ɗaliban tarihi sun san shi ne bisa doki, yana fatattakar sojojin Sifen daga Kudancin Amurka. Amma akwai wani aiki da ya fi yaƙi ba shi wuya, wanda har Allah Ya karɓi ransa bai cim masa ba, shi ne tattara sababbin ƙasashen nan a inuwa ɗaya domin bakinsu ya zama ɗaya a gaban manyan daulolin duniya.

An haife shi a birnin Karakas ran 24 ga watan Yuli, 1783, a ɗaya daga cikin gidaje mafi arziki a ƙasar. Kakanninsa Turawan Sifen ne da suka daɗe da zama a can, suna da gandaye da mahaƙar tagulla da bayi masu yawa. Bai cika shekara uku ba mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta bi baya cikin 1792. Wadda ta shayar da shi, ta kuma riƙe shi riƙon uwa, wata baiwa ce baƙar fata mai suna Hipolita. Cikin malamansa kuwa babu wanda ya kai Simon Rodriguez shiga ransa, domin shi ya cusa masa ra'ayin masanan Faransa game da 'yancin ɗan Adam.

An tura shi Sifen karatu cikin 1799. A Madrid ya auri Maria Teresa del Toro cikin 1802, ya kawo ta gida, amma ba ta yi shekara ba ciwon shawara ya kashe ta, kuma bai sake aure ba har abada. Baƙin ciki ya mai da shi Turai, inda ya tarar da Napoliyon yana ganiyar mulkinsa. A birnin Rum, cikin 1805, ya yi rantsuwa gaban malaminsa Rodriguez cewa ba zai huta ba sai ya raba ƙasarsa da mulkin Sifen.

Aikin gwamnati na farko da aka ba shi na jakadanci ne. Bayan da Napoliyon ya mamaye Sifen cikin 1808 ya tuɓe Sarki Ferdinand na Bakwai, manyan Karakas suka kori gwamnan mulkin mallaka ran 19 ga watan Afrilu, 1810, sa'an nan suka aiki Bolibar da mutum biyu zuwa Landan neman goyon baya. Ministan harkokin waje na Ingila, Lord Wellesley, ya karɓe su da mutunci, amma ya sallame su hannu rabbana, domin a lokacin Ingila da Sifen ƙawaye ne wajen yaƙi da Napoliyon. Saurayin ya ga da idonsa irin matsayin da ƙaramar ƙasa take da shi idan ta je ƙofar manya ita kaɗai.

Benezuwela ta yi shelar 'yanci ran 5 ga watan Yuli, 1811, amma cikin shekara ɗaya jamhuriyar ta rushe. Bolibar ya ƙwato Karakas cikin 1813, aka ba shi laƙabin Mai 'Yantarwa, shekara na zagayowa aka sake korarsa. Yana gudun hijira a tsibirin Jamaika cikin 1815, ba kuɗi ba soja, ya rubuta doguwar wasiƙar nan da ta shahara, inda ya yarda cewa nisan ƙasa da bambancin bukatu ba za su bari a yi jamhuriya guda ba, amma ya yi fatan wata rana wakilan ƙasashen za su haɗu a Fanama su tattauna al'amuran yaƙi da sulhu. Fanama kuwa ɗan siririn yanki ne da ya haɗa Arewa da Kudancin Amurka, teku dama teku hagu.

Daga Jamaika ya wuce Haiti, ƙasar da 'ya'yan bayin Afirka suka ƙwace daga hannun Faransa cikin 1804. Shugabanta Alexandre Petion ya ba shi bindigogi da albarushi da kuɗi, ya kuma sake ba shi bayan da farmakin farko na 1816 ya ci tura. Abin da Petion ya nema a madadin wannan shi ne a 'yanta bayi a duk ƙasar da aka ci. Bolibar ya yi shelar 'yanci ga bayin da suka shiga soja, daga baya ya 'yanta nasa, amma masu gandaye sun fi ƙarfinsa, har bauta ta ci gaba a Benezuwela zuwa 1854.

Tun daga 1819 nasara ta juyo gare shi. Ya ƙetare duwatsun Andes ya ci yaƙin Boyaka ran 7 ga watan Agusta, aka kafa babbar Jamhuriyar Kolombiya wadda daga bisani ta haɗa Benezuwela da Kolombiya da Ekwado da Fanama na yau. Karabobo ta biyo baya cikin 1821, Fichincha cikin 1822, sa'an nan amintaccen janar ɗinsa, Antonio Jose de Sucre, ya karya ƙarfin Sifen a Ayakucho ran 9 ga watan Disamba, 1824.

Ana cikin waɗannan yaƙe-yaƙe yana aikin jakadanci. Ya aiki Joaquin Mosquera zuwa Peru da Chile da Buenos Aires, ya aiki Miguel Santamaria zuwa Meksiko, aka ƙulla yarjejeniyar ƙawance da Peru da Chile cikin 1822, da Meksiko cikin 1823. Dalilinsa a fili yake. Sifen ba ta amince da 'yancin kowa ba, ga shi kuma cikin 1823 sojojin Faransa sun shiga Sifen sun mayar wa Ferdinand cikakken ikonsa, saboda haka ana tsoron sarakunan Turai za su taru su taimake shi ya dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran 7 ga watan Disamba, 1824, saura kwana biyu a gwabza a Ayakucho, ya aika da takardar gayyata daga Lima zuwa taron Fanama.

Tun wajen tsara jerin waɗanda za a gayyata aka fara samun saɓani. Nufin Bolibar shi ne a haɗa ƙasashen da Sifen ta mallaka kawai, masu harshe ɗaya da addini ɗaya, Ingila kuma ta tsaya musu daga baya saboda ƙarfin jiragen ruwanta. Bai saki jiki da Amurka ba. Amma mataimakinsa, Francisco de Paula Santander, wanda ke riƙe da gwamnati a Bogota, ya gayyaci Amurka da Birazil. Shugaba John Quincy Adams ya karɓa, sai dai 'yan Majalisar Dattawa daga jihohin kudu masu bayi suka yi wata da watanni suna gardama, don gudun kada a ta da zancen bauta ko na amincewa da Haiti. Da ƙyar aka naɗa wakilai biyu. Ɗaya, Richard Anderson, ya rasu a hanya da zazzaɓi. Ɗayan, John Sergeant, bai isa ba har aka watse.

Haiti kuwa ko gayyatarta ba a yi ba. Gwamnatin Bogota ta ji tsoron ɓata wa Faransa rai, masu bayi kuma ba sa son ganin baƙar fata a kujerar jakada, shi kansa Bolibar bai tashi tsaye a kan a kira ta ba. Petion ya rasu tun 1818, amma bashin alherinsa yana nan, kuma wannan ita ce babbar tabo a tarihin taron.

An buɗe taron ran 22 ga watan Yuni, 1826, a wani ɗaki na gidan ibadar limaman Kirista, aka rufe ran 15 ga watan Yuli. Ƙasashe huɗu ne kawai suka zauna, kowace da wakilai biyu: Kolombiya da Peru da Meksiko da Tarayyar Amurka ta Tsakiya. Ingila da Holan sun aiko 'yan kallo. Buenos Aires tana yaƙi da Birazil, duka biyun ba su zo ba, Chile ma ba ta aiko kowa ba. Bayan uzurin da suka bayar akwai zargin cewa taron wata dabara ce ta ɗora Bolibar bisa kan kowa. Zargin ba na banza ba ne, domin a wannan shekarar ya rubuta wa Bolibiya tsarin mulki mai shugaba na har mutuwa, wanda shi zai zaɓi magajinsa. Shi kansa bai halarci taron ba, ya zauna a Lima.

A takarda, abin da aka ƙulla ba ƙarami ba ne. An sa hannu a yarjejeniyar tarayya ta dindindin, wadda ta tanadi cewa za a kare juna daga maharan waje, za a kafa rundunar haɗin gwiwa ta soja 60,000 wadda Meksiko za ta ba da fiye da rabinta, za a riƙa kai saɓani gaban babban taron wakilai kafin a zare takobi, za a kuma hana fataucin bayi daga Afirka. Saboda zazzaɓin Fanama aka yanke shawarar ci gaba da zama a Takubaya, kusa da birnin Meksiko. Majalisar Kolombiya ce kaɗai ta tabbatar da yarjejeniyar. Wakilan da suka je Takubaya suka yi ta zaman jiran tsammani har 1828, kowa ya kama gabansa. A shekarar nan ce kuma Kolombiya da Peru, waɗanda suka sa hannu cewa ba za su yaƙi juna ba sai an yi sulhu ya gagara, suka shiga yaƙi.

Gidan Bolibar ma ya riga ya kama da wuta. Janar Jose Antonio Paez ya yi tawaye a Benezuwela tun 1826. Cikin Agustan 1828 Bolibar ya karɓe dukan iko a hannunsa, ran 25 ga watan Satumba kuma maƙiya suka faɗa fadarsa a Bogota da dare. Masoyiyarsa Manuela Saenz ce ta tsare su da magana har ya dira ta taga ya ɓuya ƙarƙashin gada. An kori Santander daga ƙasa, amma ɓarakar ba ta ɗinku ba. Benezuwela da Ekwado suka ɓalle cikin 1830, aka harbe Sucre a hanya ran 4 ga watan Yuni. Bolibar ya ajiye mulki ya nufi gaɓar teku da niyyar barin ƙasar, jiki ya ƙi. Ya rasu ran 17 ga watan Disamba, 1830, kusa da Santa Marta, a gidan wani attajiri ɗan asalin Sifen, yana da shekara 47. Likitan da ya duba shi ya ce tarin fuka ne. Sai cikin 1842 Benezuwela ta ɗauko ƙasusuwansa zuwa Karakas.

Taron da ya ɗore daga baya Amurka ce ta kira shi, a Washinton, daga 1889 zuwa 1890, kuma ciniki ne babban abin da ya tara su. Daga ofishin da aka kafa a wannan zama aka samu Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka, wadda ƙasashe 21 suka sa hannu a dokar kafa ta a Bogota cikin 1948. Haiti tana cikin masu sa hannun, hedkwatar ƙungiyar kuwa aka ajiye ta a Washinton. Sai cikin Disambar 2011 ƙasashe 33 na Latin Amurka da tsibiran Karibiyan suka taru a Karakas suka kafa tasu ƙungiyar, ba Amurka ba Kanada.