Nampeyo: Maginiyar tukwanen da ta farfaɗo da zanen kakanni daga tsingaro

An haifi Nampeyo wajajen 1860 a ƙauyen Hano, bisa wani tudun dutse a jihar Arizona ta Amurka. Mahaifinta ɗan ƙabilar Hopi ne, mahaifiyarta kuwa 'yar Tewa ce, mutanen da suka yi ƙaura daga kwarin kogin Rio Grande bayan boren 1680 da aka yi wa Turawan Sifaniya, suka zauna cikin Hopi ba tare da sun yar da harshensu ba.

A wancan zamani ginin tukwane a can aikin mata ne. A lokacin ƙuruciyarta sana'ar ta ja baya, domin kwanonin kanti sun fara maye gurbin na yumɓu. Kusa da ƙauyensu akwai kufan wani tsohon gari mai suna Sikyatki. Nampeyo ta riƙa nazarin tsingaron da ke warwatse a wurin, masu zanen tsuntsaye da fukafukai. Mijinta Lesou yana taimaka mata wajen tattara su. Ta nemo yumɓun da ke yin ruwan ɗorawa idan an gasa shi, ta dawo da tukunya mai faɗin kafaɗa da ɗan ƙaramin baki, sannan ta sarrafa zanen yadda ya dace da hannunta.

Da hannu take gini, tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu bisa wani, ta goge da dutse mai santsi. Da ganyen wani tsiro mai suna yuka take yin zane, ta gasa da kashin tumaki a fili.

Fatake da gidajen tarihi sun yi rububin kayanta. Ta nuna aikinta a Grand Canyon a 1905 da 1907, sannan a Chicago a 1910. Sauran matan yankin suka bi sahunta, tukwane suka zama hanyar samun kuɗin shiga ga gidaje da yawa.

Daga shekarun 1920 ciwon ido ya kusa makantar da ita. Duk da haka ta ci gaba da gini da lalube, iyalinta suna yi mata zanen. Ta rasu a 1942. 'Ya'yanta mata uku, Annie da Nellie da Fannie, sun gaji sana'ar, kuma har yau zuriyarta na gina tukwane da waɗannan zane-zane.