Harold Godwinson, sarkin Ingila da ya faɗi tare da tutar diragon

A garin Bayeux na Faransa akwai wani ƙyalle mai tsawon kusan mita 70 da aka yi wa surfani a ƙarni na 11. Kusa da ƙarshensa ana ganin tuta mai siffar diragon, wato ƙaton macijin nan na tatsuniya mai fukafukai, a gefen wani sarki da ake kashewa. Sarkin shi ne Harold Godwinson, na ƙarshe da aka naɗa daga cikin Anglo-Sakson.

An haife shi wajajen 1022. Mahaifinsa Godwin hakimin Wessex ne, mahaifiyarsa Gytha kuwa ƴar Danmak ce, abin da masu kallonsa a matsayin tsantsar Ba'ingile kan manta. Ƴar'uwarsa Edith ce matar Sarki Edward. An kori gidan nasu daga ƙasar a 1051, suka dawo da jiragen yaƙi bayan shekara guda, sannan a 1053 Harold ya gaji kujerar mahaifinsa. Daga nan ya zama mutum mafi ƙarfi bayan sarki, musamman da ya murƙushe Gruffudd, sarkin Wels, a 1063.

Tafiyar da ta jawo masa masifa ita ce ta Normandi, wajajen 1064. A can ya rantse a gaban Wiliyam, wanda aka sani da Guillaume le Conquérant a littattafan makarantunmu. Normandawa suka ce alkawari ya yi cewa zai mara wa Wiliyam baya ya hau gadon Ingila. Su ne suka ci yaƙi, su ne suka rubuta labarin, don haka sai a karanta shi da hattara.

Edward ya rasu ran 5 ga Janairun 1066 bai bar ɗa ba, washegari aka naɗa Harold. Wata tara kacal ya yi a mulki. Ran 25 ga Satumba ya ci sarkin Norwe, Harald Hardrada, da ƙanensa Tostig da ya yi masa tawaye, a Stamford Bridge. Kwana uku bayan haka Wiliyam ya sauka a kudu. Harold ya juyo da dakarun da suka gaji, suka yi tafiyar fiye da kilomita 300, aka gwabza kusa da Hastings ran 14 ga Oktoba tun safe har magariba. Shi da ƙannensa biyu, Gyrth da Leofwine, duk suka kwanta dama. Filaye suka koma hannun Normandawa, Faransanci ya zama harshen fada, ya cika Turanci da kalmominsa.

To, diragon fa? A yau wasu masu kishin asalin Ingilishi na ɗaga tutar farin diragon da sunan ta kakanninsu ce. Amma labarin farin diragon daga Wels ya fito: wani littafi na ƙarni na 9, Historia Brittonum, ya kawo jan diragon na ƴan ƙasa yana faɗa da fari na Sakson baƙi. Abokan gaba ne suka ba su wannan launi. Diragon ɗin Wessex kuwa na zinariya ne, kamar yadda Henry na Huntingdon ya rubuta a ƙarni na 12. Harold ma yana da tasa tutar daban, mai hoton jarumi, wadda Wiliyam ya aika wa Fafaroma bayan yaƙin.

Alamar ba ta mutu da shi ba, domin jikokin waɗanda suka kashe shi sun ɗauke ta. Sarki Henry na Uku ya sa aka ɗinka masa tutar diragon a 1244. Sai dai a ƙarshe Wels ce ta riƙe jan diragon a tutarta, Ingila kuma ta zaɓi jan gicciyen Waliyyi George, wanda tatsuniyarsa ta kisan diragon ce.