Buda, ɗan sarkin da ya bar gida

Mai karatu, ka taɓa kwana ido biyu saboda fushi? Ke kuma, kin taɓa tsayawa bakin turmi, hannu na daka, zuciya na can wurin ɗan da kika rasa? To, ga labarin wani mutum da ya ƙare rayuwarshi yana neman maganin irin wannan zafi.

Sunanshi Siddata Gotama. An haife shi a Lumbini, cikin ƙasar da ake ce ma Nepal yanzu, arewa da Indiya, shekara wajen 2,500 da suka wuce. Ubanshi shi ne shugaban ƙabilar Sakiya. Yaro ya tashi cikin daɗi, ya yi aure, ya samu ɗa namiji, Rahula. Mabiyanshi sun ce sai da ya girma ya fita gari ya ga tsoho, ya ga marar lafiya, ya ga gawa. Abin da kowane yaron Gidan Sori ya sani tun yana ƙarami, shi sai da gemu ya gan shi. Hankalinshi ya tashi ƙwarai.

Yana da shekara 29 ya bar gida. Ya bar mata da jinjiri. Ni dai wannan wurin bai taɓa kwanta mani ba. Shekara 6 yana horon jikinshi da yunwa, har haƙarƙari suka fito, amma damuwa ba ta tafi ba. Sai ya ci abinci, ya zauna gindin wani icce dangin ɓaure, a wurin da ake kira Bod Gaya. Nan zuciyarshi ta kwanta. Aka riƙa ce mashi Buda, wato wanda ya farka.

Addininshi daban ne, amma ji abin da ya koya ma mutane game da zuciya. Mutum ya zauna shiru, ya miƙe bayanshi, ya sa hankali ga numfashi, shiga da fita. Tunani zai gudu kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ya jawo shi sannu, ba da duka ba. In fushi ya taso, kada ya bi shi, kada kuma ya yi kamar babu shi. Ya gane fushi ne. Ya duba inda yake cikin jiki: ƙirji ya yi zafi, haƙora sun cije. Ya jira. Zai ga fushin ya yi ƙarfi, sannan ya ragu, kamar hadarin da iska ta watse. Bayan haka ya yi ma kanshi fatan alheri, ya yi ma masoyinshi, ya yi ma maƙiyinshi. Ta ƙarshen nan ita ce mai wuya.

An ce wata mata, Kisa Gotami, ɗanta guda ya mutu. Ta ƙi yarda. Ta ɗauki gawar tana yawo, tana neman magani, har ta zo wurin Buda. Bai yi mata faɗa ba. Ya aike ta ta samo ƴan ƙwayoyin wani iri ƙanana kamar riɗi, amma daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta shiga gida gida. Ko'ina akwai ƙwayar, ko'ina kuma an taɓa zaman makoki. Wannan ta rasa miji, waccan ta rasa ɗiya. Tana saurarensu, har ta gane ba ita kaɗai ba ce. Ta kai ɗanta makwanci, ta komo ta zama almajirarshi.

Shekara 45 Buda ya yi yana yawo a ƙasa yana koyarwa, sarki da talaka duk ɗaya. Ya mutu a garin Kusinara yana da shekara 80. Har yau a ƙasashe irin su Tailan da Siri Lanka akwai mutane masu tashi da asuba su zauna shiru, suna bin numfashinsu yadda ya koya.