Nana Asma'u Ɗiyar Shehu da Waƙoƙin 'Yan Taru

 

An haifi Nana Asma'u, Allah ya ƙara mata yarda, a Degel cikin shekarar 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Gidan Ƙadiriyya ne, inda yaro ke buɗe ido ya tarar da wuridi da begen Ma'aiki kamar yadda yake tarar da fura. Tana 'yar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha yunwa da ƙaura tare da jama'a har aka ci Alƙalawa a 1808. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Muhammadu Bello.

Babban aikinta ya zo ne bayan yaƙi. A 1836 aka yi gumurzun Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya faɗi, Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Mutanen Cadakori ba sa buƙatar a ba su labarin wannan rauni, na kakanninsu ne. Yaƙe-yaƙen nan sun tara mata da yawa a ƙasar Sakkwato, wasu an kamo su, Hausa kawai suke ji, ba su karatu, abin da suka sani na neman waraka kuwa bori ne. Takobi ya kawo su, amma takobi ba ya koya wa mutum alwala.

Nana ta ga cewa macen da ba ta iya karanta allo ba tana iya riƙe waƙa. Sai ta riƙa zuba ilimi cikin baitoci: Sunago, mai jera sunayen surorin Alƙur'ani, Begore, mai ba da tarihin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da waƙar tawassuli da mata salihai, inda ta ambaci matan gidan Annabi da irin su Rabi'atul Adawiyya. Ta kuma mayar da Tabbat Haƙiƙa ta Shehu zuwa Hausa.

Sannan ta zaɓi dattijai mata amintattu daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Abin lura, malfar nan alama ce ta Innar Gobir, uwar 'yan bori. Nana ba ta ƙone alamar da matan suka saba girmamawa ba, ta ɗauke ta ta ɗora a kan malama. Wannan hikima ce da masu wa'azin yau da yawa suka rasa.

Jaji kan jagoranci ayarin tsofaffi da ƙananan 'yan mata su tako da ƙafa zuwa Sakkwato, ɗauke da zuma da man shanu da hatsi, waɗanda ake rabawa mabuƙata. Su ne 'yan taru. Su zauna gaban Nana, a rera baiti su amsa, a maimaita har ya zauna, sannan su koma gida su rera wa matan aure da ba su da damar fita. Murya ce kaɗai kayan aikinsu. Waƙar da aka koya a ɗakin ɗiyar Shehu sai ga ta a bakin dutsen niƙa da wurin kaɗi.

Ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda mata ke zuwa ziyara har yau. Jikan gidanta, Waziri Junaidu, ya adana rubuce-rubucenta, daga nan aka tattara su aka buga a 1997.