Siegfried Oberndorfer

Siegfried Oberndorfer (24 ga Yuni 1876 – 1 ga Maris 1944) likita ne Bajamushe, masanin binciken sassan jiki don gano cuta. Shi ne ya fara ware wani nau'in ƙari da ke fitowa a ƙaramin hanji, ya kuma raɗa masa suna karsinoyid a shekarar 1907.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Munich na ƙasar Jamus, a gidan Yahudawa. Ya yi karatun likita a Munich da Kiel, sannan ya yi aiki a Geneva kafin ya koma gida, inda ya zama mataimakin Farfesa Otto Bollinger. Daga 1910 ya shugabanci sashen binciken cuta na asibitin Schwabing.

Gano karsinoyid

A 1907 ya gabatar da bayani a taron masana da aka yi a Dresden kan wasu ƙananan ƙari da ya gani a hanjin marasa lafiya. A ƙarƙashin madubin likita sun yi kama da sankara, amma girmansu a hankali yake. Don haka ya ba su suna mai ma'anar mai kama da sankara, yana ganin ba sa yaɗuwa. A 1929, bayan ya duba ƙarin marasa lafiya, ya gyara matsayinsa, ya bayyana cewa wasunsu na iya bazuwa zuwa wasu sassan jiki. Duk da gyaran, tsohon zaton ya daɗe a zukatan likitoci, har ana raina cutar.

Hijira da rasuwa

Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, an kore shi daga aiki saboda asalinsa. Ya yi ƙaura zuwa Turkiyya, ya zama farfesa a Jami'ar Istanbul, inda ya horar da ɗalibai, ya kuma ci gaba da binciken sankara. A can ya rasu a 1944.

Tasirin aikinsa

Daga baya an gano cewa irin wannan ƙari yana fitowa ne daga ƙwayoyin halitta masu fitar da sinadarai cikin jini, shi ya sa yanzu ake kiransa ƙarin niyuro-endokirin. Hanta ce wurin da ya fi yaɗuwa zuwa gare shi, domin jinin hanji ta can yake bi. Lafiyayyar hanta tana narkar da sinadarin serotonin da ƙarin ke fitarwa, amma idan ƙarin ya zauna a cikinta, sinadarin yakan wuce kai tsaye cikin jiki, ya jawo gudawa, jan fuska da lalacewar ƙofofin zuciya.

A zamanin Oberndorfer sai an yi tiyata ko binciken gawa ake ganin haka. Yau hoton asibiti ne ke nunawa. Ƙarin yana shan jini da yawa, don haka yakan haskaka a hoton CT jim kaɗan bayan allurar sinadarin hoto. MRI ya fi kama ƙananan da ke cikin hanta. A 1989 likitoci a Rotterdam suka fara amfani da sinadari mai manne wa ƙwayoyin ƙarin, hanyar da ta kai ga hoton PET mai amfani da galiyam-68. Da waɗannan hotuna ake yanke shawarar yin tiyata ko ba da magani.