Marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, Maraya Ɗan Bukuru Mai Kuntigi

A filinmu na tarihin magabata na wannan fitowa za mu taɓo rayuwar wani maƙwabcinmu na kusa, wanda kusan babu gidan Bahaushe a nan Vom da ba a taɓa jin muryarsa a ciki ba, ko dai ta akwatin rediyo ko ta kaset, wato marigayi Alhaji Dakta Adamu Ɗanmaraya Jos. Mun ce maƙwabci domin kuwa a nan Bukuru aka haife shi, garin da muke zuwa cin kasuwa, wanda tafiyarsa daga nan ba ta kai rabin awa a mota ba. Yaranmu da yawa sun san sunan, amma in ka tambaye su wane ne shi, daga ina ya fito, sai su yi shiru. Dalilin da ya sa muka ga ya kamata mu rubuta ke nan.

Sunansa na yanka Adamu, ana kuma ce masa Adamu Wayya, da sunan mahaifinsa. An haife shi a shekarar 1946. Duk wanda ya san tarihin wannan yanki ya san irin Bukurun wancan lokaci. Gari ne na kuza. Kamfanonin Turawa, irin su ATMN, su ke da ramuka da injuna, su kuma leburori sun taru daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Barno, ga 'yan ƙasa Birom, ga mutanen kudu masu aikin akawu da kanikanci. Tun wajen 1915 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya yake isowa Bukuru, a 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Ita ma Vom ɗin nan tamu, a 1924 ne aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a cikinta, kuma ita ce ta jawo kakannin wasunmu, wani mahauci, wani ɗan tireda, wani mai kiwo. Inda duk aka tara leburori ana biyansu a ƙarshen mako, to makaɗa da mawaƙa ba sa rasa zuwa. A cikin wannan hayaniya Adamu ya buɗe ido.

Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Ba a daɗe da haihuwar yaron ba Allah Ya yi wa uban rasuwa, ita ma uwar ba ta jima ba ta bi shi, Adamu yana jariri. Sai Sarkin Hausawa ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya samo asali, ya kuma bi shi har kabari. Mu lura da wannan, jama'a, domin aikin sarkin Hausawa a zango ke nan tun asali: baƙo ya sauka a wurinsa, mai rigima ya kai ƙara gare shi, maraya kuma ya samu inuwa. Da ba a samu mai riƙe wannan jariri ba, da yau ba mu da abin rubutawa.

Tun yana ƙarami zuciyarsa ta karkata ga kiɗa, yana bin makaɗan gari yana kallon yadda suke yi. Bai kai ga balaga ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, a can ne ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Daga ranar har ya koma ga Mahaliccinsa, sama da shekara 50, bai sauya abin kiɗa ba.

Ga wanda bai taɓa ganin kuntigi ido da ido ba, bari mu kwatanta masa. Gwangwanin kifi ne irin mai tsawo ɗin nan, a rufe bakinsa da fatar akuya a ɗaure tamau, a soka 'yar sanda, a ja tsirkiya guda ɗaya tak. Shi ke nan. Duk kayan haɗinsa a bola da mahauta za ka same su, kuma in ka ga dama ka sa shi cikin aljihun babbar riga ka yi tafiyarka. To a nan fa bambancinsa da sauran manyan mawaƙan zamaninsa yake. Alhaji Mamman Shata yana tafe da 'yan kalangu da 'yan amshi da sanƙira. Alhaji Musa Ɗanƙwairo yana da ayarin masu kotso. Shi kuwa Ɗanmaraya shi kaɗai ne: shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa. Wanda ke da 'yan amshi yana samun wurin numfasawa ya yi tunanin ɗan waƙar da zai kawo gaba. Mai kuntigi ba shi da wannan hutu, in ya yi tuntuɓe babu mai rufa masa asiri. Mu da muka san tsayuwa a kasuwa da ɗan jari ƙanƙane, ba abokin tarayya, mun fi kowa gane nauyin wannan al'amari.

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota. A nan muke so mu ɗan daɗe, domin ita ce mabuɗin gane mutumin. A al'adar da ya tarar, waƙa ta masu sarauta ce da masu kuɗi da jarumai. Ko a tashar mota ma, in za a wasa wani, direba za a wasa, shi ne mai hula a karkace, shi ne mai kyauta. Karen mota fa? Shi ne mai loda buhuna, shi ne mai kwance taya cikin sanyin Filato da asuba, shi ne mai dirowa da gudu ya sa weji in gingimari ta ƙi hawa, kuma duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo a tsohuwar mota da kaya ya san ran fasinjoji a hannun wannan yaro yake bayan ikon Allah. Tufafinsa duk baƙin mai, kwanansa ƙarƙashin mota, ladansa bai taka kara ya karya ba, ga zagi daga maigida, ga raini daga fasinja. Ko sunan da aka laƙaba masa ma ya isa shaida. Wannan ne Ɗanmaraya ya zaɓa ya yi wa waƙa. Mu 'yan kasuwa da muke aika dankali da kabeji da karas zuwa Kano da kudu, mun san da ba don waɗannan yara ba, da kayanmu a gona za su ruɓe. Amma sai da maraya ya zo da gwangwaninsa sannan aka ji wani ya ambace su da alheri a bainar jama'a.

Haka ya ci gaba da bin masu ƙananan sana'o'i da leburori da talakawa yana ba su haƙƙinsu, yana kuma kwatanta zaman mai akwai da mai babu. Ba ya ɗaga murya sosai, ba ya yawan zambo mai zafi. Sai ya kawo maka magana kamar hira, ka yi dariya, sai bayan ka tashi ka gane da kai ake.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma ɗan wannan yanki ne, Ɗanmaraya ya yi waƙoƙi da dama na ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa, yana siffanta abubuwan da ke faruwa a fagen daga kamar mai sauraro yana gani. Har aka gama yaƙin a Janairun 1970 muryarsa na yawo a barikoki da gidajen rediyo. Yaƙin ne ya kai sunansa wuraren da ba a jin Hausa sosai, domin soja daga kowace ƙabila yake, kuma Hausa ce harshen bariki.

Amma in aka ce mu zaɓa, mu dai waƙoƙinsa na zaman iyali muka fi ba muhimmanci. Akwai Jawabin Aure, inda ya bi matsalolin da ke kashe aure yana jan kunnen miji da mata su yi haƙuri da juna. Akwai Auren Dole, inda ya fito fili ya soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya aure da wanda ba ta so. A tuna fa a wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne mawaƙi ya taɓa wannan magana, domin masu yin auren dolen su ne dattawan gari, su ne kuma masu ba shi kyauta. Dukkanmu mun san yarinyar da aka yi wa haka ta gudu, ta ƙare a bariki, iyaye suka yi asarar 'ya da suruki gaba ɗaya. Garuruwan kuza irin namu su ne matattarar irin waɗannan 'yan gudun, saboda haka abin da idonsa ya gani ne yake faɗa. Sai kuma Gulma Wuya, wadda ya tsara kamar wasan kwaikwayo, yana sauya murya, ya zama wannan ya zama wancan, yana nuna yadda mai gulma ke shiga tsakanin ma'aurata har ya wargaza komai. Mutum ɗaya, tsirkiya ɗaya, amma ka rantse mutum huɗu ne ke magana.

Ba za mu ɓoye ba, ya yi wa manya waƙa, ya yi wa 'yan siyasa da masu mulki, ya halarci tarukansu har ƙarshen rayuwarsa. Sana'arsa ce, kuma a ƙasar nan mawaƙi ba ya cin abinci da kuɗin faifai, kyautar manya ce jarinsa. Sai dai a lura da abu guda: waɗancan waƙoƙi na yabo yawancinsu sun tafi tare da kujerun waɗanda aka yi wa. Waɗanda har yau ake nema a tura wa juna ta waya su ne na karen mota da na aure da na halin ɗan Adam.

Akwai kuma maganar da muke ji tun muna Islamiyya, wato hukuncin kiɗa. A nan Jos aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma daga lokacin wa'azi a kan kaɗe-kaɗe ya yi ƙarfi, gidajen biki da yawa suka daina kiran makaɗa. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar tun da daɗewa, mu kuwa ba malamai ba ne da za mu yanke. Abin da muke iya shaida shi ne, mun ga dattawan da ba sa yarda a kunna kiɗa a gidansu, amma in rediyo ya sako Ɗanmaraya sai su yi kamar ba su ji ba har waƙar ta ƙare. Abin da ke cikinta nasiha ce, irin wadda su ma suke yi wa 'ya'yansu.

Kuntigin nan ya kai shi ƙasashen Turai da Amurka. Masu nazarin kiɗa a can sukan kwatanta shi da tsofaffin mawaƙan baƙar fatar Amurka, waɗanda ke zama su kaɗai da jita suna rera wahalar talaka, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda kakanninsu daga wannan yanki na Afirka ta Yamma aka kwashe su. Shi ma Ali Farka Ture na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara. Wani Bature malamin Hausa a Jami'ar Landan, Graham Furniss, ya tattauna waƙoƙin Ɗanmaraya a littafinsa na adabin Hausa da ya fito a 1996, ɗalibai kuma a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun yi ta rubuta kundaye a kansa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambobin girma na ƙasa, ya samu lambar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Yaron da aka rene shi a zauren Sarkin Hausawan Bukuru ke nan.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne kalmar Jos da ke manne da sunansa. Duk inda ya je a duniya, da ita ake kiransa. A gabansa kasuwar kuza ta faɗi a shekarun 1980, ramuka suka cika da ruwa, leburori suka watse. A gabansa aka yi rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairun 2010 wanda ya ci Bukuru da Kuru Karama, abin da ba ma son tunawa. Mutane da yawa daga kowane ɓangare sun tattara sun bar garin, unguwanni suka rabu, wanda kuka tashi tare ya zama sai a kasuwa kuke haɗuwa. Mutum mai suna irin nasa, da ya so komawa Kano ko Kaduna ko Abuja, da hannu biyu za a karɓe shi. Bai tafi ba. A Jos ya zauna, yana kiran a zauna lafiya, kuma masu sauraronsa ba Hausawa kaɗai ba ne. Mun sha jin maƙwabtanmu Birom da Angas, musamman tsofaffin sojoji da direbobi, suna bin waƙoƙinsa baki da baki.

Kuntigi bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, tunda an yi irin su Sani Ɗan'indo da Babangida Kakadawa da suka riƙe shi, amma masu koyo a yau ƙalilan ne, samari sun koma ɗakin haɗa kiɗa da kwamfuta. Abin da ya fi damun mu shi ne kaset-kaset da faya-fayen garmaho da ke jibge a ɗakunan iyayenmu a nan Vom da Bukuru, ƙura da damshi suna cin su. Wasu waƙoƙin da aka ɗauka a gidan biki ba su da kwafi na biyu ko'ina. Duk mai irin waɗannan, don Allah kada ya bari a zubar lokacin gyaran ɗaki, ya nemi yaran da suka iya juya su zuwa waya ko kwamfuta tun zaren bai tsinke ba.

Alhaji Adamu Ɗanmaraya ya rasu a Jos ranar Asabar 20 ga Yuni 2015, cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, bayan ya sha jinya, bai cika shekara 70 ba. A Jos ɗin aka yi masa sallah aka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa, Ya jiƙan iyayensa da Sarkin da ya riƙe shi, amin.