Kamaraj: Mai naɗa firaministoci da ɗalibi ya kayar a mahaifarsa

A zaɓen 1967, mazaɓar Virudhunagar ta majalisar dokokin jihar Madras, wadda yanzu ake kira Tamil Nadu a kudancin Indiya, ta kayar da ɗanta Kumaraswami Kamaraj. A lokacin shi ne shugaban jam'iyyar Congress mai mulkin ƙasar.

A garin aka haife shi a 1903. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya bar makaranta ya koma tsaron shagon kawunsa. Daga nan ya shiga fafutukar korar Turawan Ingila, ya sha ɗauri.

Ya zama babban ministan jihar a 1954, ya yi shekara tara. Mutumin da bai yi nisa a boko ba shi ya cika ƙauyuka da makarantu, ya kuma sa ana ba yara abincin rana kyauta don talaka ya saki ɗansa ya je aji. A zaɓukan 1957 da 1962 mazaɓar Sattur ya tsaya, ya lashe.

Da Nehru ya rasu a 1964, Kamaraj ne ya haɗa kan jam'iyya ta ɗora Shastri, sannan Indira Gandhi a 1966.

Amma a gida rai ya ɓaci. Shinkafa ta yi wuya, ga fushin zanga-zangar 1965 kan tilasta harshen Hindi. Jam'iyyar DMK ta tsayar da shugaban ɗalibai, P. Seenivasan, ya doke shi da ƙuri'a 1,285 kacal. Congress ta rasa jihar, har yau ba ta sake mulkinta ba.

Kamaraj ya rasu ranar 2 ga Oktoban 1975, bai taɓa aure ba, bai bar wata dukiya ba.